IN BIRKIN MOTA YA FARA KUKA

A ƙasar Daura ba wanda za mu ba labarin rijiyar Kusugu. Yaro da babba kowa ya ji yadda Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a samu sai ran Juma'a, ya tafi da dare ya kashe macijiyar. Shi bisa doki ya zo. Baƙin da ke zuwa ganin rijiyar yanzu kuwa a mota su ke zuwa, balle lokacin Sallar Gani, sa'ad da gari ya kan cika maƙil. Hanyoyin cikin gari ƙunci gare su. Ga yara, ga awaki, ga masu talla. Duk wanda ya taɓa tsayawa a unguwar Kusugu ran taro ya ji yadda waɗansu motoci ke yin ƙiii in direba ya taka birki, har mutum ya toshe kunne.

Mutanenmu da yawa sun mallaki mota yanzu. Wani ya sayar da shanu ya sayi tsohuwa, yana jigila da ita zuwa kasuwar Mai'aduwa, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu. Wanda ba shi da ita, ɗansa ko ƙanensa direba ne. Wanda ba shi da ko ɗaya, ai yana shiga ta haya. Saboda haka wannan karatu na kowa ne, domin ran kowa a kan birki ya ke.

Yadda birki ke aiki

Kun san in guga ya cika da ruwa, igiya ta suɓuce, mai ɗiba ya kan damƙe ta da hannu. Igiya ta goge masa tafi, tafin ya yi zafi, guga ya tsaya. To, aikin birki ke nan. Abu biyu ne ke gugar juna, gudu ya koma zafi. Ku dubi kuma itacen da ke bakin rijiyar ƙauyenku, ku ga yadda igiya ta ci shi, ta yi masa zane-zane. Haka birki ke cinyewa, kullum kaɗan kaɗan.

Birkin mota iri biyu ne. Na ɗaya mai faranti. A bayan ƙafar mota akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Akwai kuma waɗansu 'yan alluna guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, makanikai suna ce musu fad. Ƙarfen da ke riƙe da su kamar awartakin maƙeri ya ke, sunansa kalifa. In direba ya taka, man birki ya bi ta siririn bututu ya tura fistin, fistin ya tura fad, su biyu su matse farantin kamar yadda za ka matse faifai da yatsu.

Na biyu mai ganga. Shi kamar tasa ce aka kifa a kan ƙafar. A cikinta akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa, an manna musu lainin. Su ba matsewa su ke yi ba, buɗewa su ke yi su dafe cikin gangar. Ƙananan motoci da yawa faranti ne a gaba, ganga a baya. Na gaba su ke ɗaukar fiye da rabin aikin, domin in an taka birki nauyin mota gaba ya ke zubewa. Don haka su ke rigan na baya ƙarewa.

Kukan birki ba yau ya fara ba. A shekarar 1902 wani Bature a birnin Birmingham ta ƙasar Ingila, sunansa Frederick Lanchester, ya ƙago birki mai faranti. Amma da tagulla ya yi abin da ke matse farantin, ƙarfe yana gugar ƙarfe, ƙara ta hana mutane sakat. A wannan shekara kuma Louis Renault na Faransa ya fito da irin mai ganga, shi ne duniya ta bi shekara da shekaru. Mai faranti bai yaɗu a motocin jama'a ba sai bayan 1955. Kun ga ashe wanda ya ƙago abin ma ya sha fama da kukansa.

Me ke sa shi kuka?

Mai goge ya kan shafa ƙaro a izgar bakansa, domin ta riƙa kama tsirkiya tana saki, tana kamawa tana saki, da sauri ƙwarai. Wannan rawa da tsirkiya ke yi ita ce muryar goge. Haka fad ke yi wa faranti. In ya kama sumul, shiru. In ya riƙa kamawa yana suɓucewa, sai farantin ya ɗauki rawa, shi kuwa ƙarfe ne mai amo kamar kuge. Abin da kunne ke ji ke nan.

Ba ko wane kuka ne na tsoro ba. Da damina, in an kwana ana ruwa, da safe za ku ga tsatsa ja-ja ta hau farantin. Mota za ta yi ɗan gurnani a taki biyu uku na farko, sa'an nan ta yi shiru. Wannan ba ciwo ba ne. Da hunturu kuwa ƙura ce. Ƙasarmu ta Daura jigawa ce, rairayi ko'ina, iska tana cusa shi cikin ganga da tsakanin fad da faranti. Wani lokaci ma ɗan tsakuwa ne ya maƙale tsakanin faranti da gwangwanin da ke kare shi ta baya. Shi kukansa ba ya jiran a taka birki, da an motsa ya fara. Sau da yawa in an ja mota da baya kaɗan sai ya faɗi.

Akwai kukan da zafi ke kawowa. Direban da ke ɗora ƙafa a kan birki yana tafiya, ko wanda ya lafta wa mota buhunan gero fiye da ƙarfinta, ya kan ƙona fuskar fad. Sai ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar gindin tsohuwar tangaran. Fad mai ƙyalli yana kuka, ba ya kuma kamawa sosai. Fad na banza mai araha shi ma haka, tun yana sabo.

Sai kukan gargaɗi. Masu ƙera fad da yawa su kan sa masa wani ɗan harshen ƙarfe a gefe. In fad ya cinye, saura kaɗan, harshen nan ya taɓa faranti ya yi tsuwa siririya. Da gangan aka yi shi, don ya gaya wa mai mota lokacin canji ya yi.

Wanda ya ƙi jin wannan zai ji na ƙarshe. Shi ba tsuwa ba ce, gurza ce, ƙurrr, kamar ana wasa gatari a dutse. Ma'anarsa naman fad ya ƙare ƙaf, ƙarfen bayansa ke cin faranti. Motar da ke wannan kada ta ɗauki kowa, kada ta hau hanyar Katsina ko ta Kano, sai an gyara. Ku kuma fasinja, in kun ji shi, kuna da ikon ku yi magana. Kuɗinku kuka biya.

Kafin a taɓa kome

Abin da ke kashe masu gyara a gida ba birki ba ne, faɗowar mota ce. Saboda haka mu dakata a nan tukuna.

A nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ba gangare ba. In ƙofar gida rairayi ce, kamar yadda yawancin namu su ke, a sa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, in ba haka ba zai nutse ko ya karkace. A kashe inji, a sa giya, a ja birkin hannu. A sa waigi gaba da bayan ƙafar da ba za a ɗaga ba. A bar birki ya huce, domin farantin motar da ta dawo daga tafiya yana iya sale fatar hannu.

A sassauta notin taya kaɗan tun tana ƙasa, sa'an nan a ɗaga. In ta ɗagu, kada a amince wa jak shi kaɗai. A tokare motar da ƙarfen tokara irin na gareji, ko guntun gungume mai ƙwari. Ban da bulon siminti. Bulo ya kan yi kamar zai riƙe, sai ya ruguje gaba ɗaya ba sallama. Tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin motar, ko da wani abu zai faru. A kori yara daga wurin. Mun san ba sa jin kora in ana kwance mota, amma a kore su.

Kayan aiki ba su da yawa: jak, da sifanar taya, da sifanu daidai da kusoshin motar, da burushin waya, da samfefa, da tsumma, da bokitin ruwan sabulu, da guntuwar waya, da ɗan giris na birki. A shimfiɗa buhu a jera duk abin da aka kwance a kai, bi da bi. Noti in ya faɗa rairayi sai an yi tankaɗe.

Gyaran na gaba

A fara da ido. A dubi kaurin naman fad, ban da ƙarfen bayansa. Sabo ya kan kai milimita 10 zuwa 12, watau kusan rabin inci. In ya sauko milimita 3, watau bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, ya gama aiki. A duba na ciki da na waje duka, domin wani lokaci na ciki ya kan ƙare na waje yana nan da sauransa. A shafa farantin da farce. In sumul ya ke, madalla. In ya yi kwari-kwari masu zurfi, ko ya tsage, wannan ya fi ƙarfin gida.

Galibi kusoshi biyu ke riƙe da kalifa ta baya. A kwance su, a zare ta a hankali. Kada a bar ta tana lilo a jikin tiyon roba, domin ta cikinsa mai ke bi, in ya tsage birki ya tafi. A rataye ta da waya. Muddin kalifa tana waje, kada kowa ya taka birki, don fistin zai fito, mai ya zube. A gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan. In an manta yadda wani abu ya zauna, sai a zagaya a duba.

Yanzu ga abin da mu ke so ko wane ɗan aji ya riƙe. Kada a hura ƙurar birki da baki, kada a kaɗe ta da busasshen tsumma. Shekaru da yawa ana haɗa fad da lainin da wani ma'adini mai zare-zare, ana ce masa asbestos, don ba ya cin wuta. Daga baya likitoci suka tabbatar ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, ta kawo ciwon da ba ya warkewa, har da sankara, bayan shekara 20 ko fiye. Ingila ta hana shi ƙwata-ƙwata a 1999, ƙasashen Tarayyar Turai a 2005. Amma har yanzu akwai ƙasashen da ke aiki da shi, ido kuwa ba ya bambance fad mai shi da marar shi. A ɗaure hanci, a jiƙa wurin da ruwan sabulu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a binne tsumman. A wanke hannu kafin a ci goro.

In fad yana da sauran nama, ƙyalli kawai ya yi, a shimfiɗa samfefa a kan katako mai laushin fuska, a yayyafa ruwa, a kifa fad a kai a goga har ƙyallin ya tafi. A ɗan rage kaifin gefunansa. Farantin ma a bi shi da samfefa sama-sama, ciki da waje. A kankare tsatsa daga mazaunin fad da burushin waya, don ya riƙa zamewa ba tare da ya cije ba.

Sa'an nan giris. A nan mutane ke ɓata aiki. Giris na birki daban ya ke, yana jure zafi. Ana shafa shi kaɗan, kamar yadda mace ke sa kwalli, a bayan fad wajen ƙarfe, da kunnuwansa inda ya ke zama. Sandunan nan biyu da kalifa ke zamewa a kansu, a zare su a goge, a shafa musu irin wanda ba ya cin roba, domin giris na boris yana kumbura robar da ke rufe su, su cije. In akwai 'yan siraran gwangwanaye a bayan fad, a mayar da su. Ba ado ba ne, su ke shanye rawar da ke zama kuka.

Fuskar fad da fuskar faranti kuwa, ko ɗigon maiƙo kada ya taɓa su. Mun sha jin masu cewa, ai ƙyaure in yana kuka mai a ke ɗiga masa. Gaskiya ne, ƙyaure. Wanda ya ɗiga wa birki baƙin mai, lalle kuka zai daina, amma motar ma ta daina tsayawa. Fad da ya sha mai ba ya wankuwa, ko da fetur, ko da kananzir. Sai dai a yar.

In sabon fad za a sa, a sayi na kirki, a tafi da tsohon kanti a gwada. A canja dama da hagu tare. Wanda ya canja gefe ɗaya don tsimi, motarsa za ta riƙa fizga gefe in ya taka. Sabon fad ya fi tsoho kauri, don haka sai an mai da fistin ciki. A buɗe murfin ɗan tankin man birki, a ɗora tsohon fad a kan fistin, a danna a hankali da katako. A lura kada mai ya tumbatso, yana cin fenti. A mai da kalifa, a ɗaure kusoshi tam. A sa taya, a sauke mota, a ɗaure noti a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi.

Kada a tashi tukuna

Ga kuskuren da ya fi ko wane sauƙin yi. Tun da an mai da fistin ciki, takin farko ba zai kama kome ba, ƙafa za ta tafi har ƙasa. Tun mota tana tsaye, a taka birki a saki, a taka a saki, har ya yi tauri. Wanda ya manta, ya ja mota da baya, katangar maƙwabci ce za ta tsai da shi, in Allah ya sa ba yaro a wurin.

Daga nan a rufe tankin mai, a duba ya kai zanensa. A fita bayan gari inda ba jama'a. A kai gudun kilomita 50, a taka a hankali har ta kusa tsayawa, a saki, a ɗan yi tafiya ya sha iska. A yi haka kamar sau 10. Wannan shi ke sa sabon fad ya saba da faranti. Washegari a sake bin notin taya da sifana.

Na baya, da abin da ya fi ƙarfin gida

Birki mai ganga yawanci ƙura ce ke sa shi kuka. Ba ya ciruwa sai an saki birkin hannu, saboda haka a ƙara waigi a ƙafafun gaba. A zare gangar, a wanke cikinta da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe, a mayar. Iyakar abin da mu ke ba da shawara ke nan. Sifirin ɗin da ke ciki suna da yawa, suna da ƙarfi kuma, wanda bai saba ba ya bar wa makaniki. In an ga danshin mai a ciki, robar fistin ta mutu.

Haka kuma a tafi gareji in birki ya yi laushi kamar an taka soso, ko yana nutsewa a hankali, ko sitiyari yana rawa in an taka, ko mai yana raguwa a tanki, ko jar fitilar birki ta kama a gaban direba. Waɗansu motocin zamani birkin hannunsu na lantarki ne, fistin na baya ba ya komawa da danni. Kada a tilasta shi.

Man birki shi ma yana da doka. A dubi murfin tanki, za a ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Ga amfanin karatu: wanda ya iya haruffa ba za a sayar masa da wani abu dabam ba. Man nan yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a 140. In ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura fistin. Don haka a ke canja shi duk shekara biyu. Direbobin da ke ɗura ruwan garin sabulu in mai ya ƙare a hanya, su sani ruwa a digiri 100 ya ke tafasa, yana kuma sa tsatsa a bututu.

Ɗan lissafi don allo

Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin mita 14 kafin ka ce ɗaya. Mai gudun 100 tana cin 28. Wannan tun direba bai kai ƙafa kan birki ba. Bayan ya taka kuma, in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu ya ke yi. A ce mai gudun 50 ta tsaya cikin mita 15. Mai gudun 100 mita nawa za ta ci? Malam ya fita da ku fili ku auna amsar da taki, ku gani da idonku. Wannan kuwa da lafiyayyen birki ne, a kan busasshiyar kwalta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsai da motar da ba ta da lafiya. A nan Daura kuma an aza harsashin Jami'ar Sufuri a 2019, inda 'ya'yanmu za su koyi irin wannan ilmi mai zurfi. Amma ba jami'in da zai bi kowa gida ya duba masa fad.

Masu babur, naku yawanci ganga ce, wanki da gyaran waya su ke so, dokar maiƙo kuwa ɗaya ce. Masu keke, a goge bakin rim da ruwan sabulu, a goga robar da samfefa, a karkata ta kaɗan yadda goshinta na gaba zai riga taɓa rim. In ana ɗiga wa sarƙa mai, a kare rim da tsumma.

Wanda ke da direba a gida ya roƙo mana tsohon fad da aka cire, ya jiƙa shi, ya ƙulle a leda, ya zo da shi aji mako mai zuwa. Za mu auna kaurinsa da tsinken ashana.